Zaɓen Daɓe Da Ƙofofin Dubawa A Gine-ginen Kasuwanci

Ranar 3 ga watan Fabrairu, 1976, Gwamnatin Mulkin Soja ta Tarayya a ƙarƙashin Janar Murtala Ramat Muhammed ta kafa Doka ta 6, wadda ta ƙirƙiro Yankin Babban Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Ranar 12 ga watan Disamba, 1991, aka ɗauke mazaunin gwamnati daga Ikko zuwa Abuja. Tun daga sa'an nan ma'aikata da 'yan kasuwa da masu neman abinci suka yi ta kwarara zuwa sabon birnin. Da yake hayar gida a tsakiyar Abuja ta gagari mai ƙaramin ƙarfi, sai jama'a suka bi hanyar Keffi suna zama: Nyanya ta cika, Mararaba ta cika, Ado ta cika, har aka kai Masaka. Wurin da a dā gonaki ne ya koma jerin shaguna da kantuna da ɗakunan shan magani da otal-otal da makarantu da gidajen mai.

Wannan bunƙasa abin farin ciki ce, amma tana tafe da wani nauyi a wuyan duk wanda ya kafa tubali domin jama'a su shiga su yi ciniki. Galibin masu gini sukan zuba ido kan fenti da rufi da ƙyallin gaban shago, su bar abubuwa biyu sai kuɗi ya kusa ƙarewa. Na farko shi ne daɓe, wanda kowane mai shiga zai taka. Na biyu su ne ƙofofin dubawa, watau ƙananan ƙofofi da murafu da ake bari a silin ko bango ko ƙasa domin a kai ga wayoyin lantarki da bututun ruwa da magudanar ƙazanta idan sun ɓaci. Kuskure a waɗannan wurare biyu yakan jawo karaya, da gobara, da asarar dukiya, wani lokaci ma da asarar rai. Bayanin da ke biye ya ɗauki Masaka a matsayin misali, amma ya shafi mai gini a kowane gari na Nijeriya.

Wurin Neman Izini

Ko da yake rayuwar Masaka ta jingina ga Abuja, garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ne ta Jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Jihar Filato ranar 1 ga watan Oktoba, 1996. Saboda haka mai son gina shaguna a Masaka zai kai zanen gininsa ga Hukumar Raya Birane ta Jihar Nasarawa, shi kuwa mai gini a Nyanya, da ke cikin Yankin Birnin Tarayya, zai kai nasa ga sashen kula da tsarin gine-gine na Abuja. Wajibi ne a san wannan bambanci tun kafin a haƙa harsashi.

Har ila yau ƙasar nan tana da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa, wanda aka fitar a 2006. Akwai kuma hukumomin da doka ta ɗora wa alhakin yi wa ƙwararru rajista: ARCON ta masu zanen gini, wadda aka kafa a 1969, COREN ta injiniyoyi, a 1970, da CORBON ta ƙwararrun magina, a 1989. Mai gini yana da haƙƙin ya nemi ganin shaidar rajistar wanda zai damƙa wa aikinsa. Irin daɓen da za a yi da wuraren da za a bar ƙofofin dubawa abubuwa ne da ya kamata su fito a cikin zane, gama Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Daɓe Jiya Da Yau

Sanin muhimmancin daɓe ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A dā, bayan magini ya gama bango ya rufe da azara, mata sukan taru su zuba ƙasa da tsakuwa, su yi ta bugu da madaɓi har ƙasa ta kwanta ta yi tauri, sa'an nan a yayyafa ruwan makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa domin daɓen ya yi ƙarfi ya hana ruwa shiga. Abin lura a nan shi ne yawancin wahalar aikin tana wajen bugun ƙasar da ke ƙarƙashi. Kayan aiki sun sake, siminti ya maye gurbin makuba, amma wannan ƙa'ida tana nan daram.

Bambancin da ke tsakanin daɓen gida da na wurin kasuwanci kuwa shi ne yawan masu takawa da nauyin abin da ake ɗorawa. Ɗakin kwana mutum biyu ko uku ne ke shigarsa, galibi ba takalmi. Shagon da ke bakin hanyar Keffi kuwa ɗaruruwan mutane za su shige shi a yini, da yashi a tafin takalmansu, ga baro da ake turawa, ga buhuna da ake jefarwa, ga ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, ga caɓin damina daga Afrilu zuwa Oktoba. Yashin da ke manne da takalmi yana cin fuskar daɓe kamar yadda dutsen wāshi ke cin wuƙa.

Tambayoyi Huɗu Kafin A Zaɓa

Kafin mai gini ya nufi kasuwa, ya dace ya amsa tambayoyi huɗu. Wace sana'a za a yi a ɗakin? Wane irin nauyi za a ɗora, kuma da me za a shigo da shi? Ruwa ko mai ko wani sinadari zai riƙa zuba a ƙasa? Idan wani sashe ya lalace bayan shekara biyar, za a sami irinsa a gyara? Amsar mai sayar da magani dabam take da ta mai injin niƙa, ta mai gidan abinci kuma dabam take da ta banki. Wanda ya gina shaguna goma domin haya, bai san wanda zai kama su ba, gara ya zaɓi daɓen da zai jure sana'a mafi wahala da yake sa ran za a yi a wurin.

Aikin Da Ido Ba Ya Gani

Yawancin daɓen da ke tsagewa ko ya lotsa, laifin ba na abin da aka shimfiɗa a sama ba ne. Idan za a cike ɗaki da jar ƙasa, a zuba ta kashi-kashi, kowane kashi kada ya wuce santimita 15, a yayyafa ruwa a daddaɓe sosai kafin a ƙara wani. A kwashe baƙar ƙasar gona da saiwoyi da shara tukuna, domin za su ruɓe su bar rami. Bayan an shimfiɗa duwatsu an rufe da yashi, a yi feshin maganin gara, sa'an nan a shimfiɗa leda mai kauri wadda za ta hana laimar ƙasa hawowa. Wannan leda kuɗinta kaɗan ne, amma rashinta shi ke sa buhun shinkafa ko na gari ya yi fumfuna a sito, fenti kuma ya riƙa ɓarewa a gindin bango. Ya kamata kuma daɓe ya ɗara titi da bakin lambatu tsawo, musamman a gangare, don kada ruwan sama ya malalo cikin shago.

Kankaren daɓen shago yakan kai kaurin santimita 10 zuwa 15, inda mota za ta hau kuwa injiniya ne zai faɗi kauri da yawan rodi. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba. Haɗuwarsa da ruwa ce ke sa shi tauri. Don haka wajibi ne a riƙa ba sabon kankare ruwa na aƙalla kwana 7, cikakken ƙarfin da aka yi lissafi a kansa kuwa sai ya kwana 28. A lokacin hunturu, da iska ke busar da kome da sauri, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna ko leda. A jikin buhun siminti mai kilo 50 akwai lambar ƙarfinsa, kamar 32.5 ko 42.5, kuma ya dace a tambayi injiniya wadda ta dace da aikin. Simintin da ya daɗe a ajiye har ya yi gudaji ya riga ya rasa wani kaso na ƙarfinsa.

Ire-iren Daɓe

Daɓen siminti shi ne mafi sauƙin kuɗi. Akan gauraya awo 1 na siminti da awo 3 ko 4 na yashi mai kaifi, a shafe a kan kankare. Ya dace da sito da gareji da wurin walda da shagon kayan gini. Aibinsa shi ne yakan yi ƙura idan yashi ya yi yawa, yakan kuma sha mai ya yi tabo. Idan fili yana da faɗi, a raba shi gida-gida da tsagi, domin idan zai tsage ya bi tsagin.

Tarazo haɗi ne na siminti da ɓarɓashin dutsen mabul, wanda ake zubawa tsakanin siraran sanduna, a goge da inji bayan ya yi tauri. Makarantu da asibitoci da ofisoshin gwamnati da yawa da aka gina a shekarun 1970 da tarazo aka daɓe su, har yanzu kuma ana takawa. Ƙasar nan tana da dutsen mabul, alal misali a Jakura ta Jihar Kogi. Tarazo yana cin lokaci, yana kuma bukatar gwani, amma idan ya dushe goge shi kawai za a sake yi ya dawo sabo. Ruwan batir da sauran abubuwa masu tsami suna cinye shi, saboda haka bai dace da shagon cajin batir ba.

Tayil shi ne abin da aka fi yayi a yau, a nan ne kuma aka fi yin kuskure. Akwai tayil na bango, akwai na ƙasa; na bango siriri ne, ba a yi shi domin a taka ba. A cikin na ƙasa akwai na yumɓu na gama-gari, akwai kuma wanda aka gasa da wuta mai tsanani har ya zama ba ya shan ruwa fiye da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa, wanda 'yan kasuwa ke kira fosilin. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ita ce a juya tayil a ɗiga masa ruwa a baya: na gama-gari zai shanye, fosilin kuwa ruwan zai tsaya. A jikin kwalin tayil mai ƙyalli akan rubuta PEI da lamba daga 1 zuwa 5, wadda ke nuna juriyarsa ga gogayya. Wurin kasuwanci yana bukatar 4 ko 5. Da yake fosilin ba ya shan ruwa, kwaɓin siminti da yashi ba ya kama shi sosai. Sai da garin gam na musamman da aka yi domin manna tayil.

A bar tazarar aƙalla milimita 2 zuwa 3 tsakanin tayil da tayil, a kuma bar 'yar tazara a gindin bango. Zafi yana sa kaya su buɗa, sanyi ya sa su tsuke. Tayil ɗin da aka matse ba tazara wata rana zai kumbura ya fashe da ƙara. Bayan an gama aiki a bi da ɗan ƙarfe ana ƙwanƙwasawa: duk wanda ya yi amo kamar ganga, akwai rami a ƙarƙashinsa, kuma shi zai fara karyewa. Wajen lissafi, shago mai mita 3 da mita 4 yana da murabba'in mita 12. Idan tayil mai santimita 40 kowane gefe za a sa, ana bukatar guda 75. A ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da karyewa, ya zama 83. Ya dace a ajiye kwali ɗaya ko biyu, domin launin da aka saya bana da wuya a same shi baɗi.

Dutsen giranit, irin wanda ake fasawa a Mpape da sauran wurare a kewayen Abuja, ya fi kowane daɓe jure gogayya, ya kuma dace da matakala da bakin ƙofa. Amma yana da nauyi da tsada, wanda aka goge ya yi sheƙi kuwa yana da santsi idan ya jiƙe.

Daɓen roba, wanda ke zuwa a naɗe ko a yanke, ya dace da asibiti da ɗakin gwaje-gwaje, domin ba shi da tsagin da datti zai maƙale. Sharaɗinsa shi ne simintin da ke ƙarƙashi ya bushe sarai. Magina sukan ƙiyasta kwana ɗaya ga kowane milimita na kaurin shafen, watau shafe mai santimita 4 zai ci kusan kwana 40. Ga masu gyaran tsofaffin gine-gine akwai gargaɗi: wasu ƙananan tayil na roba da allunan silin na shekarun 1960 da 1970 suna ɗauke da asbesto, wanda shaƙar ƙurarsa ke jawo mugun ciwon huhu da sankara bayan shekaru. Kada a goge su da inji, kada a farfasa su a bushe. A nemi shawarar ƙwararre.

Akwai kuma daɓe mai ɗagawa, wanda ake gani a bankuna da ɗakunan kwamfuta. Alluna ne masu santimita 60 kowane gefe da ake jerawa a kan ƙafafun ƙarfe, a bar sarari a ƙarƙashi domin wayoyi. Kowane allo ana iya ɗaga shi a mayar, watau daɓen gaba ɗayansa ƙofar dubawa ce. Ba ya son ruwa, kuma kowane iri yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, wanda dole a tambaya kafin a ɗora masa akwatin ajiyar kuɗi ko manyan batura.

Santsi Da Haƙƙin Masu Bukata Ta Musamman

Tayil mai sheƙi kamar madubi yana da kyaun gani a kanti, amma a baranda ko matakala ko makewayi tarko ne, musamman ga tsofaffi da mata masu juna biyu da yara. Wasu kamfanoni sukan rubuta harafin R da lamba daga 9 zuwa 13 a kwali, bisa ma'aunin ƙasar Jamus. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon riƙon ƙafa. R9 na busasshen ɗaki ne, bakin ƙofa da makewayi suna son R10 ko R11, madafar otal da ke da maiƙo kuwa R12 ko sama. Inda ake zubar da ruwa, kamar wurin alwala da mahauta da madafa, a karkata daɓe zuwa magudana da aƙalla santimita 1 a kowace mita, don kada ruwa ya kwanta.

A watan Janairu na 2019 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu ta 2018, wadda ta ba da wa'adin shekara biyar domin a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga yadda mai keken guragu da makaho za su iya amfani da su. Wannan wa'adi ya riga ya cika. Ma'aunin da aka saba bi wajen gangaren keke shi ne tsawon mita 12 ga kowane hawan mita 1. Idan dakalin shago ya kai santimita 30, gangarensa zai zama mita 3.6. Fuskar gangaren ta zama mai kaushi, a kuma sa masa abin dafawa.

Nauyi A Kan Bene

Kowane bene yana da iyakar abin da aka lissafa zai ɗauka. Na ofis galibi kilo 250 zuwa 300 ne a kowace murabba'in mita, na kanti kuwa kusan 400 zuwa 500. Buhu 20 masu kilo 50 tan ɗaya ne cif, kuma ana iya jibge su a ɗan ƙaramin wuri. Saboda haka mayar da ɗakin sama sito, ko ɗora masa tankin ruwa ko janareta ba tare da shawarar injiniya ba, ganganci ne da ran waɗanda ke ƙasa. Daɓe kansa yana da nauyi: shafen siminti mai kaurin santimita 5 ya haura kilo 100 a murabba'in mita. Wanda ya ɗora sabon shafe da sabon tayil a kan tsoho ya rage abin da benen zai iya ɗauka ke nan.

Ƙofofin Dubawa A Silin Da Bango

Duk abin da aka binne a gini wata rana zai bukaci gyara. Bututu zai yi yoyo, ɓera zai ci waya, magudana za ta toshe. Idan ba a bar hanyar kaiwa gare su ba, sai an fasa silin ko bango ko tayil, kuɗin gyaran ɓarnar kuma ya ninka kuɗin gyaran ainihin abin da ya lalace. A ɗauka mai gidan abinci ya rufe silinsa da filasta irin ta POP, bai bar kafa ko ɗaya ba, sa'an nan bututun tanki ya tsage a sama. Kafin a gano wurin an huda silin a wurare uku ko huɗu, an rufe shago na kwanaki, alhali ƙofa guda da ba ta kai kuɗin buhun siminti biyu ba ta isa ta hana wannan.

Girman ƙofa ya danganta ga abin da za a shigar. Inda hannu kawai zai shiga ya murɗa makunnin ruwa, santimita 30 kowane gefe ya isa. Inda mutum zai hau da jikinsa, kada ta gaza santimita 60 kowane gefe. A sa ta daidai inda ake bukata: ƙarƙashin mahaɗar wayoyi, kusa da makunnin ruwa, gefen injin sanyaya ɗaki da ke cikin silin, da bayan bututun makewayi a kowane hawa na bene. Kada a sa ta inda kanta ko firji zai tare ta. A wurin laima a zaɓi ta alminiyam ko roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa, domin katako yakan kumbura, gara kuma takan ci shi. Ƙofar da ke rufe kayan lantarki ta kasance da makulli saboda yara.

Batun gobara yana da muhimmanci a nan. Gobarar da ta tashi a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, da ta babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, da ta babbar kasuwar Katsina a Maris na 2021, sun nuna yadda wuta ke gudu a jerin shaguna. A gine-gine da yawa bangon da ke raba shago da shago yakan tsaya a silin, ya bar sarari guda a ƙarƙashin kwano daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Wuta da hayaƙi sukan bi ta nan, ɓarawo ma haka. Ya kamata bangon tsakani ya kai har rufi, kowane shago kuma ya sami tasa ƙofar silin. Inda aka gina bango ko silin domin ya tare wuta na minti 30 ko 60 ko 120, wajibi ne ƙofar da aka huda a jikinsa ta kasance mai juriya daidai da haka, in ba haka ba ita ce kafar da wuta za ta bi.

Murafun Ƙasa

A kan magudanar ƙazanta ana gina ɗan akwatin dubawa a duk inda bututu ya karya kwana, ko ya haɗu da wani, ko ya yi doguwar tafiya. Gidan abinci yana bukatar ƙarin akwatin tare maiƙo, wanda za a riƙa kwashewa a kai a kai. Babban kuskuren da ake yi shi ne a shafe waɗannan murafu da siminti, ko a bi ta kansu da tayil domin ado, har a manta inda suke. Akwai murfi mai kwarmi da ake cikawa da irin tayil ɗin ɗakin, ya saje da daɓe amma a iya ɗaga shi. Wanda ke cikin gini ya zama mai toshiyar roba a baki domin ya hana wari da kyankyasai fitowa, ya kuma zauna daidai da fuskar daɓe don kada a yi tuntuɓe.

Murafu suna da aji bisa nauyin da aka gwada su da shi, kuma ma'aunin Turai mai lamba EN 124 shi ne aka fi gani a jikinsu. A15 na tan 1.5 ne, na inda ƙafa da keke kawai ke bi. B125 na tan 12.5 ne, na wurin ajiye ƙananan motoci. C250 na tan 25 ne, na gefen titi. D400 na tan 40 ne, na kan titi da inda manyan motoci ke wucewa. Farfajiyar shagunan da tankar ruwa ko motar siminti ke shiga tana bukatar D400. Murfin ramin sokawe da birkila ya zuba da 'yan guntayen rodi ba zai ɗauki tayar babbar mota ba. In ba za a ƙarfafa shi ba, a gina ramin nesa da hanyar mota, a kuma kewaye shi da dakali.

Satar murafun ƙarfe ta zama annoba a Abuja da kewayenta, har a watan Janairu na 2025 Hukumar Birnin Tarayya ta hana yawon 'yan bola a cikin birni, ta kuma dakatar da kasuwannin panteka na ɗan lokaci. Ramin da aka bari a buɗe yakan karya ƙafar mai tafiya da dare, ya haɗiye yaro a lokacin ruwan sama, ya kuma zama gidan sauro. Mai gini yana iya rage wannan haɗari ta wajen zaɓen murfi mai maƙale da bakinsa wanda ake kullewa, ko na kankare, ko na roba mai ƙarfi, waɗanda mai sayen tsohon ƙarfe ba ya bukata. Sayen murfin da aka sato daga titi laifi ne a gaban shari'a.

Wajibi ne kuma kowa ya san haɗarin shiga ramin masai. Ƙazanta tana fitar da iska mai guba wadda ke wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, amma idan ta yi yawa sai ta kashe jin warin, mutum ya zaci babu kome, ya faɗi cikin ɗan lokaci. Ta fi iskar shaƙa nauyi, don haka a gindin rami take taruwa. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. Akwai kuma wata iskar mai kama wuta, saboda haka ba a leƙa ramin da ashana ko fitilar kananzir ko taba. Kwashe masai aikin motar zuƙa ne. Idan wani ya faɗa, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta ƙasa, 112, kada a bi shi ciki.

Saye Da Kiyayewa

Ko a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei za a yi sayayya, ko a shagunan da ke bakin hanya tsakanin Mararaba da Masaka, a duba kwali a karanta abin da aka rubuta, a tabbata lambar launi da ta girma iri ɗaya ce a dukkan kwalaye, a kuma karɓi rasit. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, watau SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke da alhakin sa ido kan kayan da ake ƙerawa a gida da waɗanda ake shigowa da su, kuma ana iya kai mata ƙara a kan jabun kaya. Murfin da ba a rubuta ajinsa a jikinsa ba, kada a sa shi inda mota za ta hau, kome arharsa, gama araha ba ta ado.

Bayan an gama gini, ya dace mai shi ya ajiye kwafin zane da ke nuna inda kowane bututu da waya da ƙofar dubawa suke, ya kuma nuna wa duk ɗan hayar da ya shigo. A cikin yarjejeniyar haya a rubuta cewa ba za a toshe ƙofar dubawa ba, ba za a ɗora wa bene nauyin da ya wuce ƙima ba. Kowace shekara a watan Maris, kafin ruwan farko ya sauka, a buɗe murafu duka a kwashe yashi da shara, a hau silin a duba wayoyi da yoyon kwano, a sauya tayil ɗin da ya tsage, a kuma shafa wa makullan ƙofofin mai domin su buɗu ran da aka bukace su.